Kore da Shuɗi Sun Zama Ɗaya a Idona

Daga admin: Wani ɗan'uwa ne ya turo wannan daga Azare, ya roƙi a sakaya sunansa. A daure a karanta har ƙarshe kafin a yi magana.

Assalamu alaikum warahmatullah, jama'ar wannan zaure, malamaina da ƙannena. Na daɗe a cikinku ina karanta damuwar mutane ban taɓa cewa uffan ba, yau ga shi ni ma na zo da tawa. Shawara nake roƙo don girman Allah, kuma ku yi haƙuri da tsawon maganar, ni ban iya taƙaitawa ba. Masu irin sana'ata a garin nan ba mu da yawa, na san wani zai karanta ya gane ni. Idan ka gane ni ka rufa min asiri, Allah ya rufa naka duniya da lahira.

Ni magidanci ne, na haura shekara hamsin, ina da mata da 'ya'ya, babbar tana aure a Yana. Da gyaran rediyo na fara, na koma ɗaura dish na talabijin, daga nan na shiga jan wayar kwamfuta a ofisoshi, da faiba ta iso ƙasarmu na je Kano na zauna a ƙarƙashin wani yaro sa'an 'ya'yana na koya. Da ita nake ci da iyalina yanzu, Alhamdulillah, kuma ban da wata sana'ar, ko gona ban riƙe ba.

Saboda waɗanda ba aikinsu ba ne, bari in ɗan yi bayani, don in ba haka ba ba za ku gane abin da ke hana ni sukuni ba. Faiba zare ne na gilas, kaurinsa kamar gashin kai, haske ne ke bi ta cikinsa ba wuta ba. A makaranta ko ofis duk wayoyin suna taruwa a wata doguwar durowar ƙarfe da muke kira rak. A cikin rak ɗin ake ɗaura fanel, wani akwati ne mai faɗi da bakuna jere a gabansa. Babbar waya tana shigowa ta baya, a haɗa kowane zare da wata 'yar gajeriyar waya mai kai, mu muna ce mata jela, a cusa kan a bayan bakin, sannan ta gaba a cusa wata wayar ta tafi zuwa inji. To kawunan nan iri biyu ne, akwai shuɗi akwai kore. Shuɗin a miƙe aka goge bakin gilas ɗinsa, koren a ɗan karkace, karkacewar da ba a gani sai an sa madubi. Idan mutum ya haɗa shuɗi da kore gilas ba ya zama a kan gilas, haske ya zube, layi ya yi rauni, wani lokacin ma su karce juna dole a yanke a jefar. Waɗanda aka saba aiki da su girmansu ɗaya, shigarsu ɗaya, har ɗan ƙaran da suke yi in sun zauna ɗaya ne. Launi kaɗai ke raba su.

Ni kuwa, jama'a, launin nan biyu sun zama ɗaya a idona.

Ban san ranar da abin ya fara ba. Na dai tuna wata Sallah mai ɗakina ta fito da sabuwar atamfa, na ce mata shuɗin nan ya karɓe ta, ta tsaya ta dube ni ta ce, "Malam, wane shuɗi? Ko dai wata kake hangowa ba ni ba?" Muka yi dariya aka wuce. Bayan nan sai na lura farar takarda ta daina yin fari, ta koma kamar wadda ta daɗe a cikin gafaka, kuma da magariba in zan dawo gida fitilar babur tana fashewa a idona har sai na tsaya a gefen titi. Na ce gajiya ce. Na sayi tabarau a kasuwa, rubutu ya ƙara fitowa, amma launi bai dawo ba.

Ranar da na fara jin tsoro na gaske muna aiki ne a Hardawa tare da injiniyan kamfanin da ke kawo layi. Yaro ne a kaina amma ya san aikinsa, iyayensa daga Yobe suka zo suka zauna a nan, Babarbare ne ni kuma Bafillace, saboda haka ba ma haɗuwa mu rabu ba mu taɓa juna ba. Na ɗauko waya zan cusa a fanel sai na ji ya riƙe min wuyan hannu. Ya ce, "Kai Bafillace! Ku da kuke da suna ga kowane launin saniya, har da mai ɗigo a goshi, kore da shuɗi ne ya gagare ka? Ko sai na fenta maka su a jikin maraƙi?" Na ce masa ai gwada shi nake yi, in ga ko bawan da na saya yana lura da aiki. Ya ce to bawa ya ceci ubangidansa yau, a saya masa fura. Aka yi dariya, na sayi furar, amma ni ko rabin kofi ban iya sha ba. Wayar da ke hannuna da bakin da zan cusa ta, wallahi launinsu ɗaya nake gani, har lokacin da yake min tsiyar ina kallonsu ina neman bambancin ban samu ba.

Da na koma gida na yi alwala na ɗauko Alƙur'anin da mahaifina ya rubuta da hannunsa. Shi marubuci ne, a gabansa na yi allo, a gabansa na koyi ajami tun kafin in san boko. Wanda ya saba da irin rubutun nan ya san baƙi na harafi ne, ja na wasali, rawaya na hamza, sannan akwai koren ɗigo da ake sa wa alifin da ake tsallakewa in karatu ya haɗe. Ni nake dama masa koren nan ina yaro, na san shi kamar yadda na san fuskar uwata. Na buɗe a tsakar gida cikin hasken la'asar, ja yana nan, baƙi yana nan, koren ɗigon kuwa ya koma wani abu mai duhu da ban san sunansa ba. Na rufe, na mayar cikin gafaka, na zauna ina ta Innalillahi.

Na san abin da za ku fara cewa, ka je asibiti. To ku ji dalilin da ƙafata ta ƙi zuwa. Mahaifin nan nawa da yanar ido ta rufe masa gani, wani mai cire yana na gargajiya da ke bin kasuwanni aka kawo masa, ni na riƙe masa kai. Ya tashi yana cewa yana ganin haske, muka yi ta murna, kafin wata ya ƙare idon ya kumbura ya mutu, ɗayan ma ya bi shi. Amma ba makantar ce ta fi tsaya min a rai ba. Tun kafin a taɓa idon, tun yana iya rubutu da kyau, ranar da magana ta fita cewa idon Malam ya fara, ranar aiki ya yanke. Masu kawo takarda suka koma zuwa gaisuwa kawai, su zauna, su yi masa addu'a, su ajiye ɗan abin da suka ajiye a gefen buzu su tafi, takardar kuma a kai wa wani. Ina ganinsa yana feƙe alƙalami da safe ba wanda zai rubuta wa. Na san asibiti daban, mai bin kasuwa daban, hankalina ya san haka sarai. Amma in na tuna wani zai kusanto idona da ƙarfe sai in fasa zuwa. Kuma ina tsoron likita ya buɗe baki ya ce wannan ba irin wanda ake gyarawa ba ne, don yanzu ko ba komai ina da ƙila, in ya faɗa kuma shi ke nan.

Saboda haka na shiga dabara. Zarurrukan da ke cikin babbar waya su ma launi-launi ne, sai na daina dogara da launin, na koma bin kowane ɗaya da ɗan tocilan mai jan haske da muke da shi, in haska a wannan ƙarshen in je wancan in ga inda ya fito. Aikin safiya ɗaya ya koma na yini, mutane suka fara cewa Malam akwai natsuwa, ba ya gaggawa. Kawuna kuwa jan hasken ba ya raba su, yana wucewa ko an haɗa daidai ko ba daidai ba, sai na gaya wa mai ɗakina gaskiya. Ita kaɗai ta sani a duniya. Duk lokacin da na sayo kaya sai in zube mata a tabarma ta raba, kowane kore ta ɗaura masa ɗan baƙin zare a wuya yadda zan ji da yatsa. Injiniya ya taɓa ganin zaren ya tambaye ni ko laya nake yi wa layin kamfaninsu, na ce e, maganin bakin Barebari ne. Haka muka yi ta tafiya, Allah yana rufa asiri.

Sai ga aikin Alhaji. Alhaji dattijo ne mai makaranta a nan cikin gari, almajirin mahaifina ne a da, har yau bai taɓa kiran sunana ba, ɗan Malam yake ce min. Ya gina babban ɗakin jarrabawa ta kwamfuta, yana so a haɗa shi da sauran gine-ginen makarantar da faiba, a kuma shigo da layin kamfani. Ya kira ni ya ce akwai masu zuwa daga Bauchi da takardu da hotuna suna neman aikin, amma shi bai san su ba, ya san gidan da na fito. Ya ce shi ko sunan abin bai iya faɗa ba, in zaɓi duk abin da ya dace da rak ɗin, idona idonsa ne. Haka ya faɗa, idona idonsa ne, na sunkuyar da kai na ce Allah ya ba ni ikon riƙe amana.

Matsalar ita ce aikin nan dole sai da launin biyu. Layin kamfani da kore yake zuwa, ba sa yarda a sauya. Wayoyin da za su tafi sauran gine-gine kuwa injunansu shuɗi suke karɓa. Abin da aka saba, kuma abin da injiniya ya fara faɗa, a sayi fanel ɗaya mai baki ashirin da huɗu, rabi kore rabi shuɗi, a gama. Na yi kwanaki ina juya abin. Har na yi tunanin in yanke koren kamfani in mayar da komai shuɗi in huta, sai na ga wannan cin amana ne a fili, don layin zai riƙa ciwo ba wanda zai san dalili. Ina cikin haka Allah ya kawo min wata hanya. Kawunan nan, ban da launi, suna da girma iri biyu, akwai babba mai kusurwa huɗu, akwai ƙarami da bai fi rabinsa ba. Na ce to me zai hana in sayi fanel biyu, na sama mai manyan bakuna duk kore don layin kamfani, na ƙasa mai ƙananan bakuna duk shuɗi don cikin gida? Babba ba ya shiga ƙarami, ƙarami ba ya zama a babba. Ko a rufe min ido ba zan haɗa su ba. Na ƙara da cewa su zama masu janyowa kamar aljihun tebur, don in iya jawo aikin kusa da fuskata ba sai na cusa kai cikin duhun rak ba.

Na kai wa injiniya wannan tsarin ina jiran ya tambaye ni dalili. Ya duba, sannan ya ce wallahi wannan ya fi nasa, don ko bayan mun tafi wani malamin makaranta ya zo yana taɓe-taɓe ba zai iya ɓata layi ba, kuma ga wurin ƙari nan gaba. Bai tsaya nan ba, ya je gaban Alhaji ya ce Bafillacen nan ashe ba nono kaɗai ke kansa ba, ya ce shi daga yau ma haka zai riƙa tsara wa mutane. Alhaji ya yi ta sa min albarka, ya ce in an gama ba wanda zai riƙe makullin rak ɗin sai ni, duk ranar jarrabawa ina wurin, in layi ya faɗi ni za a kira.

Jama'a, ban taɓa jin yabo ya yi min ɗaci irin na ranar ba. Tsarin yana da kyau, wannan gaskiya ne, ko mai lafiyar ido ya yi shi ba a ce ya yi laifi ba. Amma ni na san ba don makarantar na yi shi ba, don kaina na yi, rami na haƙa na ɓuya aka zo ana yaba ginin. Na san addini bai yarda mutum ya ɓoye aibin abin da yake sayarwa ba. Na yi ta gaya wa kaina ai ni ba kaya nake sayarwa ba, aiki nake yi, kuma aikin yana fita daidai. Sai wata zuciyar ta ce min mai haɗa zaren gilas me yake sayarwa in ba idonsa ba?

Da na ba mai ɗakina labari ina tsammanin za ta taya ni murna, sai abin ya zama faɗa, irin wanda ba mu taɓa yi ba tun aurenmu. Ta ce ita da ma ta gaji, duk zaren da ta ɗaura ji take kamar da hannunta take taya ni makancewa. Ta ce da ta ƙi tun farko da tuni dole ta kai ni asibiti. Na ce mata ita ba ta ga abin da na gani a gidanmu ba. Ta ce ta gani mana, ai ita ta riƙa kai wa Baba abinci tana sa masa hannu a kwano, kuma abin da ba ta son ta sake yi ke nan. Ta kawo min misalin wata gwaggonta a Sakwa da aka yi wa aiki a asibiti tana nan tana tsintar shinkafa, na ce kowa da irin nasa. Na ɗaga murya, Allah ya yafe min, na ce in magana ta fita aiki ya yanke ita za ta ciyar da gidan? Ta ce ba za ta taɓa tona min asiri ba ko a gaban uwarta, amma ta rantse hannunta ya fita daga raba kore da shuɗi sai ranar da ta ga katin asibitin ido a hannuna. "Malam, wayar mutane kake lallaɓawa kamar ƙwai, naka idon fa, a kasuwa za ka sayo wani?" A raina na ce ba komai, da sabon tsarin nan ai ba na buƙatar zarenta.

Na kira mai shagon da nake sayen kaya a wurinsa a Kano, na yi masa bayani dalla-dalla, na maimaita, ya ce an gama. Jiya da hantsi direba ya kira ni na je tasha na karɓo kwali. Ina buɗewa a shago na ga fanel biyu, masu janyowa kamar yadda na ce, amma dukkansu masu manyan bakuna. Ga bakunan a zube a leda ɗaya ba a ɗaura ba, ga jeloli a wata ledar, duk manyan kai, an ƙirgo su daga buɗaɗɗen ƙunshi babu ko 'yar takarda a jiki. Na kira mai shagon. Ya ce, "Maigida, ƙananan nan sun yanke a kasuwa, sai kaya sun iso, kuma ba na ce maka ga rana ba. Na ga kana sauri shi ya sa na haɗo maka manya, rabi kore rabi shuɗi. Ai duk ɗaya ne, kai da ka san aiki, kallo ɗaya za ka yi ka raba." Na ce masa ba haka muka yi ba. Ya ce in ban so in mayar, ba rigima, amma in sani duk layin shagunansu babu, ya riga ya zagaya.

Na rufe shago na zube su a kan tebur. Na kai su bakin taga, na kunna fitila, na ɗauki hoto da waya na ƙara girma, amma idon da ke kallon wayar shi ne dai idon. Wasu na ga kamar sun fi wasu duhu, na ware su gefe, da na sake dubawa sai na ga kamar na gefen ne suka fi haske. Na haɗa su a leda ɗaya na kai gida da azahar na ajiye kusa da mai ɗakina. Ta duba, ta gane, ta kawo min abinci, ta ɗauke ledar ta rataye a ƙusa ta ce kada yara su taka. Yaran kuwa in na tambayi ɗaya, kafin la'asar unguwa ta ji cewa Baba ba ya gane kore.

Ranar Asabar ɗin nan za a ɗaura. Injiniya zai zo da na'urar awonsa, Alhaji ya ce shi ma zai zo ya zauna ya ga aikin ɗan Malam da idonsa, har ya sa a kawo kujera. Kuma an riga an gaya wa iyayen yara cewa jarrabawar gwaji a sabon ɗakin za a yi.

Ga inda na tsaya. Zan iya ce wa Alhaji kayan da aka aiko ba su ne ba, a jira. Ba ƙarya ba ce, amma injiniya zai ce manyan ma suna yi, ai shi tsarinsa na farko ke nan, me za a jira? Ba ni da amsar da zan ba shi sai ƙarya. Zan iya lallaɓawa in karɓo katin asibiti in nuna mata ta raba min, in ɗaura aikin lafiya in yi shiru. To amma bayan nan fa? Makulli yana hannuna, ɗaki cike da 'ya'yan mutane, lokaci yana tafiya, layi ya faɗi, wani ya riga ya ciro wayoyi ya cakuɗa yana neman gyara, a ce Malam zo. Ina tsaye gaban rak ita tana gida. In na cusa ba daidai ba na karce kan layin kamfani, ba zaren da za a ɗaura a lokacin, yaran da suka yi shekara suna karatu su za su biya. Wannan tunanin in ya zo min ko a sallah nake sai na rasa raka'a ta nawa nake.

Ko kuma in je in durƙusa gaban Alhaji in faɗa masa. Na san shi, ba zai wulaƙanta ni ba, abin da nake tsoro ke nan ma. Zai yi salati, ya yi min addu'a, ƙila ya ce zai kai ni asibiti da motarsa, sannan a hankali cikin mutunci ya kira mutanen Bauchi. Zai gaya wa matarsa Hajiya don tausayi, Hajiya ta gaya wa wata don a taya ni addu'a, kafin Juma'a ta zagayo duk mai ofis a garin nan ya san idon Malam ya fara. Shi kansa Alhaji yana cikin waɗanda suka riƙa zuwa gaishe da mahaifina suna ajiye abu a gefen buzu. Ban riƙe shi da komai ba, alheri ya yi. Amma na san yadda alherin nan yake a wurin wanda ake yi wa.

Wani lokacin kuma sai in ce in kira injiniya gefe, shi da ya san aiki, in ce masa ya tsaya kusa da ni ranar. To shi ma'aikacin kamfani ne, layinsu ne a hannuna, in ya rufa min ya ci amanar masu biyansa, in ya faɗa kuma ba ni da bakin zarginsa. Ban san ko ina da haƙƙin ɗora masa wannan kayan ba.

Na yi istihara, zuciyata ba ta zauna a kan komai ba tukuna, ko kuma ta zauna ni ne nake ƙin gani, Allah ne masani. Shi ya sa na kawo muku. Malamai na cikin zauren nan, ku gaya min tsakani da Allah, mutumin da aikinsa ke fita daidai amma ya san abin da ke jikinsa, wajibi ne ya faɗa wa mai aikin tun yanzu, ko yana da damar ya fara neman magani a ɓoye? Masu sana'a irin tawa, in akwai wata hanyar raba kawunan nan da hannu ko da na'ura ba tare da an karce su ba, ku taimaka, ko da yake na san wannan dabarar ranar Asabar kawai za ta fitar da ni. Kuma wa zan fara zuwa wurinsa, likita ko Alhaji? In Alhaji ne, da wane baki zan fara, bayan na tsaya ya sa min albarka a kan abin da na san dalilinsa?

Sannan ina roƙon wanda aka taɓa yi wa aikin ido a asibiti, shi da kansa, ba wanda ya ji labari ba. Kada ka lallashe ni, kada ka ce min in sha Allahu kawai, na san komai a hannun Allah yake. Ka gaya min yadda aka yi maka, ko kana ji lokacin da suke taɓawa, da abin da ka fara gani da aka cire maka auduga. Kore yana dawowa?